Dalmar Don Celestino

Shekara talatin da takwas Don Celestino Poot ya yi yana nutso a teku yana kamo langosta, wato manyan jatan lande, kuma a duk tsawon shekarun nan ɗamara ɗaya ya sani: tsohon bel ɗin kujerar mota da ya jera wa dalma goma. Shi ya narka dalmar da hannunsa ya zuba a gwangwanin sadin, shi ya sa kowace ta fito da siffar gwangwanin. Kowace kilo guda ce, ko kusa da haka. Da ita yake sauka ƙasan teku, tiyon iska a bakinsa, ya riƙa taka yashi kamar mai zuwa kasuwa. Da ya bar aikin ya koma ƙauye gonar mahaifinsa, sai ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa.

Shekara shida tana nan a rataye. A cikin shekarun ne ciwon suga ya kama shi, ya sauko daga kilo casa'in da shida zuwa sittin da bakwai. Ba wanda ya taɓa tayar da maganar a gidan. Matarsa Doña Socorro takan rage masa ƙugun wando a ɓoye, shi kuma yakan ce teloli na yanzu ba su iya awo ba.

Sai ga wani kamfani ya zo yana neman filin jama'ar gari da ke bayan gonarsa don ya gina garken aladu dubu goma. Mutanen kamfanin suka ce ruwan ƙazantar ba inda zai je. A tsakiyar gonar Don Celestino akwai senote, wani ramin dutse mai faɗi cike da ruwa garai-garai, rijiyar gari kuma tana can bayan shinge, taku saba'in daga bakinsa. Autarsa Nidia, wadda ke koya wa baƙi nutson kogo a garin Tulum, ta zo ta shiga ramin da kayanta. Da ta fito ta ce senoten da rijiyar ruwa ɗaya ne, akwai hanya a ƙasa da babbar mota za ta wuce.

Ta nuna hoton bidiyon da ta ɗauka a can ƙasa a taron masu gonaki. Dattawa suka kalla har ƙarshe, ba wanda ya yi tari.

"Mun ga duhu," in ji Don Primitivo, shugaban taron. "Mun kuma ga ruwa. Amma duhun ko'ina iri ɗaya ne."

"Don Primitivo, ni na shiga da kaina."

"Ba ƙaryata ki muke ba, 'yata. Sai dai mun san ki tun kina yawo ba wando. Ga ubanki nan. In shi ya shiga ya gani, magana ta ƙare."

Don Celestino yana can baya yana gyangyaɗi. Ya ji an ambace shi, ya buɗe ido ya ce, "To."

Nidia ta fara kai shi wajen likita. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya leƙa kunnensa, ya ce zai iya, muddin bai wuce mita goma sha biyu ba, kuma ya ci abinci kafin ya shiga. Daga nan suka wuce shagon Wilberth, abokin aikin Nidia, wani gajere mai tumbi da ke sayar da kayan nutso yana kuma gyara su.

Wilberth ya ajiye faranti biyu a kan tebur, kowane da ramuka da maɗaurai.

"Wannan shi zai zauna a bayanka, Don. Tukunyar iska a bayansa. Wannan na ƙarfe ne, ya kusa kilo uku. Wannan kuma alminiyam, bai cika kilo ɗaya ba."

Don Celestino ya ɗaga na alminiyam da yatsa biyu, ya juya shi.

"Wannan ai na gasa gurasar tortiya ne."

"An taɓa gwadawa," in ji Wilberth. "Ba ya riƙe zafi."

"Ba ni na ƙarfen."

Wilberth ya sauko da jakunkunan iska guda biyu daga bango, baƙaƙe, masu siffar zobe. Su ake sawa tsakanin faranti da tukunya, masu nutso na kiran su fiffike. In ka danna maɓalli iska ta shiga sai ka taso, in ka sake ta sai ka nitse. Ɗaya madaidaici ne, ɗaya kuma ya kai faɗin tayar mota.

Don Celestino ya nuna babban.

"Wancan na mai tukunya biyu ne," in ji Wilberth. "In ka sa shi da tukunya ɗaya, naɗe ta zai yi ta gefe biyu kamar yadda tortiya ke naɗe nama. Iska ta maƙale a sama, ka yi ta juyi kana neman ta inda za ka fitar da ita."

"Ni ba na son ƙaramin abu."

"Baba, ba girman mutum fiffike yake bi ba," in ji Nidia. "Nauyin kayan da ke jikinka yake bi."

"To ai shi na gani."

Ya sunkuya ya buɗe buhun da ya shigo da shi, ya zazzage ɗamarar a kan tebur. Teburin ya yi ƙara. Wilberth ya sa hannu biyu ya ɗaga ta, ya mayar.

"Jirgi za ka ɗaure da ita, Don?"

"Kana cikin uwarka nake nutso da ita."

"Gaskiya ne. To in da wannan za ka shiga, lallai babban fiffiken ne naka. Ka ɗaura nauyin da ba ka buƙata, sannan ka ɗauki iskar da za ta ɗauke maka shi. Akwai masu yin haka."

 Nidia ta kwashi faranti biyun da fiffike biyun ta zuba a bayan mota. Ta san ubanta. Ba a taɓa kayar da shi da baki ba.

Washegari da hantsi suka sauka senote. Doña Socorro ta biyo su da kwandon abinci, ta zauna a kan matakalar dutse. Kusa da matakalar akwai wani dandamali a cikin ruwa, zurfinsa mita uku, nan Nidia ta ce za su fara. Don Celestino ya sa rigar roba, ya goya farantin ƙarfe da babban fiffike da tukunya, ya ɗaura dalmarsa goma. Sai da ya dafa bango kafin ya miƙe. Ya shiga ruwa fiffiken cike da iska, ya zauna a kai kamar mai kujerar hutawa.

Nidia ta yi masa alama ya saki iskar kaɗan-kaɗan. Ya sake ta gaba ɗaya.

"Ya tafi," in ji Doña Socorro.

Da gwiwa ya sauka. Lakar da ta yi shekaru a kwance ta tashi ta rufe shi. Bai ji tsoro ba, ya saba da rashin gani. Ya laluba maɓallin ya danna, ya ci gaba da dannawa, har fiffiken ya kumbura ya fizge shi sama.

"Ya dawo," in ji Doña Socorro.

Ya sake saki, ya sake tafiya. A karo na uku iskar ta taru a gefe ɗaya kamar yadda Wilberth ya faɗa, ya fito a karkace, ƙafa ɗaya a sama. Kafin rana ta take, ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa ya koma kamar kunun masara.

"Kayan nan ba su da kyau," ya ce da ya fito.

"Sai mun jira kwana biyu lakar ta kwanta," in ji Nidia.

Da yamma mata suka yi ta mita a bakin rijiyar gari, wai ruwa ya fito da laka. Nidia ta je ta samu Don Primitivo ta ce ga shaida ta kawo kanta. Don Primitivo ya leƙa gugan, ya ce rijiya takan yi haka.

Ranar da suka koma, Nidia ta riga ta cire babban fiffiken ta sa madaidaicin. Don Celestino ya gani, ya goya shi haka nan. Ta kuma ba shi tukunyar da iskarta ta kusa ƙarewa.

"Tukunya in ta kusa ƙarewa sauƙi take yi," ta ce. "A lokacin ake auna mutum. Ka saki iskar fiffike duka, ka riƙe numfashi daidai. In ruwa ya tsaya maka a ido, nauyinka ya yi. In ka nitse, ya yi yawa."

Ya nitse.

Ta ja shi sama, ta zare dalma biyu ta miƙa wa uwarta. Doña Socorro ta jera su a kan matakala.

"Ruwan daɗi ne, Baba. Ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri."

"Haka ne," ya ce. Wannan ya san shi.

Ya sake nitsewa. Ta zare biyu.

"Rigar nan siririya ce. Taka ta da ai kamar katifa take."

"Haka ne."

Ya nitse. Ta zare uku.

"Farantin kansa kilo uku ne."

"Haka ne."

Saura uku a ɗamara. Ya saki iska, ya riƙe numfashi, ruwa ya wuce idonsa, ya wuce kansa, ya sauka a hankali har ƙafarsa ta taɓa dandamali. Ya tsaya nan ƙasa yana kallon kumfarsa tana hawa. Ya ƙirga dalilan da Nidia ta ba shi, ya ga sun ƙare. Ya dubi hannunsa. Rigar roba, wadda ake shiga da kokawa, ta yi masa yawa a dantse har tana naɗewa.

Ya taso sama. Shi da kansa ya zare ɗaya ya miƙa. Ya gwada, ya zare wata. Ya gwada, ya zare ta ƙarshen. Ya kwance bel ɗin ba komai a jikinsa ya jefa kan matakala. Ya saki iska, ya riƙe numfashi. Ruwa ya tsaya masa daidai ido.

"Ya yi," in ji Nidia a hankali.

Ya hau matakala, ya sauke kayan, ya zauna kusa da dalmarsa goma. Doña Socorro ta miƙa masa tortiya da wake. Ya cinye ɗaya, ya cinye ta biyu.

"Ba zan shiga ba," ya ce.

"Baba."

"Mutum ba ko dalma ɗaya a jikinsa, wannan ba nutso ba ne. Wanka ne. Ba zan tsaya gaban Primitivo in ce na je wanka ba."

Nidia ta fara lissafo masa wasu dalilai, wai tukunyar ce, wai takalman ninkayar suna da nauyi. Doña Socorro ta rufe kwandonta.

"Ka rame ne, Tino," ta ce. "Shi ke nan. Kitsen da ke ɗaga ka ya tafi. Kowa ya sani, har karen gidan."

 Don Celestino ya dubi ruwa.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Wando bakwai na rage maka."

"Na ce telolin ne."

"Ka ce."

Ya sa hannu ya share fuskarsa, ko da yake ta riga ta bushe. Doña Socorro ta ɗora hannunta a gwiwarsa, ta bar shi nan. Rabon da ta yi haka a gaban wani tun kafin a haifi Nidia.

Nidia ta hau sama wajen mota, ta dawo da farantin alminiyam. Ta ajiye shi a gabansa.

"Wannan ya fi wancan sauƙi da kilo biyu," ta ce. "In ka goya shi, dole ka nemi kilo biyu a wani wuri."

Ya dubi farantin, ya dubi jerin dalmar.

"Na tortiyar."

"Shi."

"Biyu?"

"Biyu. Naka."

Ya daɗe yana zaɓe. Duk iri ɗaya suke, amma ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan, har ya ware biyu. Nidia ta kwance fiffiken daga farantin ƙarfe ta ɗaura a na alminiyam. Ya shiga ya gwada, ruwa ya tsaya masa a ido.

Ba nan rigimar ta ƙare ba. Da dalmar a ƙugunsa, ƙafafunsa suka riƙa rinjaya ƙasa suna sharar laka. Nidia ta ce sai dai a mayar da ita sama, a ɗaure a maɗaurin tukunya, wajen kafaɗa. Ya ce dalmar da mutum ba ya gani ina amfaninta. Ta ce ai ba ya ganin hantarsa ma. Aka ɗaure ta a sama.

Sati uku suka yi suna shiga kullum. Numfashi bai ba shi wahala ba, kunne ma haka. Abin da ya gagare shi shi ne kada ya taka ƙasa. Shekara talatin da takwas yana tafiya a ƙasan ruwa a tsaye kamar mutum, yanzu 'yar cikinsa tana cewa ya kwanta rub da ciki, ya lanƙwashe gwiwa, ya riƙa harbi kamar kwaɗo. Duk sanda ƙafarsa ta taɓa laka sai ta ƙwanƙwasa tukunyarta da ƙarfe. A satin farko senoten ya riƙa ƙara kamar maƙera. A na biyu ƙarar ta ragu. Wata safiya cikin sati na uku ya tsinci kansa a rataye a tsakiyar ruwa, ba ya sama ba ya ƙasa. Ya ja numfashi, ya ɗago kamu ɗaya. Ya saki, ya koma inda yake. Ya yi haka sau goma yana jin daɗi kamar yaro. Da suka fito Nidia ta tambaye shi yaya ya ji, ya ce ba laifi.

Ranar shiga, Wilberth ya zo daga Tulum don ya bi bayansu. Ya ga farantin alminiyam a bayan Don Celestino, ya ga dalma biyu a kafaɗar tukunya, ya buɗe baki.

"Faɗi," in ji Don Celestino.

"Ina kwana zan ce, Don."

Suka sauka, Nidia a gaba tana jan zare, shi a tsakiya, Wilberth a baya. A mita goma sha ɗaya bangon ya buɗe, wata ƙofa mai faɗi kamar ta coci. Suka shiga. Duwatsu sun zubo daga rufin kamar kyandir da ya narke, ƙasan kuma laka ce lallausa wadda ba abin da ya taɓa taɓa ta. Ya wuce ta samanta bai tayar da ko ƙwaya ba. In ya waiwaya yana hango koren hasken senotensa. Kafin wannan hasken ya ɓace, wani ya bayyana a gaba, siriri, a miƙe daga sama har ƙasa kamar ginshiƙi.

A gindin hasken akwai tsibi. Da suka matso ya ga guga ne. Na ƙarfe, na roba, na katako da suka ruɓe saura zoben, sun taru sun kai tsayin mutum. Ya ɗaga kai. Can sama akwai ɗan zagayen sararin samaniya, ga kan wata mata ta leƙo, ga guga yana saukowa a igiya. Ya faɗo saman ruwan, ya cika, ya koma. Matar ba ta san da kowa a ƙasa ba.

Don Celestino ya tsaya a rataye yana kallo har Nidia ta taɓa shi ta nuna masa agogon iska. Ya miƙa hannu ya zaro wani shuɗin bokiti daga gefen tsibin, ya zubar da lakar a hankali, ya ƙara wa fiffikensa iska kaɗan saboda nauyin, suka juya.

Ranar Lahadi bayan coci aka yi taro. Don Celestino ya tashi daga baya, ya taka har gaban tebur, ya ajiye bokitin.

"Ruwa ɗaya ne," ya ce, ya koma ya zauna.

Don Primitivo ya sa tabarau ya juya bokitin. A gindinsa akwai harafi biyu da jan fenti, E da U.

"Nawa ne!" in ji Doña Eulalia Uc daga bakin ƙofa. "Shekarar babbar guguwa ya faɗa."

"Naki a ina?" in ji Doña Ernestina Uitz. "Mijina ne ya rubuta. Dubi yadda U ɗin ta karkace, bai taɓa iya ta ba."

Awa ɗaya da rabi aka yi a kan bokitin. Aka kira shaidu, aka tono wata rigimar kaza ta shekara ashirin, wani ya fita ya dawo da surukarsa. A ƙarshe aka ce ya zauna a ofis tukuna. Maganar kamfani kuwa minti biyar ta ɗauka. Aka ɗaga hannu, kowa ya ƙi ba da filin sai mutum biyu, ɗayansu ma bai ji abin da ake tambaya ba. Aka rubuta takarda aka aika Mérida, babban birnin jiha. Har yanzu takardar tana can, kamfanin kuma bai aza ko bulo ɗaya ba.

Tun daga ranar mata suka fara sallama a ƙofar Doña Socorro, kowace da kwatancen gugan da ta rasa. Nidia ta ce ubanta ba zai shiga shi kaɗai ba, don haka sai Asabar ɗin da ta zo gida. Kowace shiga sukan fito da uku ko huɗu, a wanke, a jera a gindin bangon coci, mai shi ya zo ya ɗauka. Da tsibin ya yi ƙasa suka tarar da kan keken ɗinki a ƙarƙashi, sai da Wilberth ya kawo jakar ɗaga kaya aka fito da shi. Wata biyu ya yi a gindin bangon. Kowa ya zo ya gani, ba wanda ya ce nasa ne, ba kuma wanda ya tambayi yadda aka yi ya faɗa rijiya.